Kayan fatsar teku: inda tsada take da rana, da inda araha ta wadatar

Duk wanda ya fara fita fatsa a teku da jirgi don nishaɗi, tambayar da ke fara damunsa ita ce ta kaya. Zai tarar da injin naɗe zare guda biyu, girmansu ɗaya, ƙyallinsu ɗaya, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan sau biyar ko fiye. Masu sayarwa za su ce arha ba ta ado. Wasu kuma za su ce ai kifi bai san kuɗin sanda ba. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, sai dai ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Akwai kayan da rowa a kansu asara ce tsantsa, akwai kuma waɗanda kashe musu kuɗi ɓarna ce kawai.

Abin da ya raba teku da kogi ko tafki shi ne gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kusan giram 35. Idan feshin ruwan ya bushe a jikin ƙarfe, gishirin yana nan, yana jawo danshi daga iska, yana ci gaba da cin ƙarfen ko da kayan suna ajiye a ɗaki. Ga kuma wata matsalar da ba a cika lura da ita ba: idan ƙarfe iri biyu suka haɗu, misali kusar ƙarfe mara tsatsa a cikin jikin alminiyam, ruwan gishiri ya shiga tsakaninsu, sai su zama tamkar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne kuma ke narkewa. Farin garin nan da ake gani a gefen kusoshin inji, wanda ke sa kusa ta ƙi kwancewa, daga nan yake. A cikin jirgi kuwa feshi ba ya yankewa, kaya suna bugun juna, kifin ma ya fi na bakin gaɓa girma da ƙarfi.

Injin naɗe zare

Nan ne ya kamata kaso mafi girma na kuɗin ya tafi. Masu harkar suna kiransa ril, kuma abu huɗu ne ke bambanta mai kyau da na banza: birki, giya, jiki, da yadda aka toshe shi daga ruwa.

Birki shi ne ke barin zare ya fita a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi, don kada zaren ya tsinke. Faya-faye ne ƙanana da aka jera a cikin kwarkwaron zare, na ƙarfe da na wani abu mai laushi, suna gugar juna. A ril mai araha, masu laushin na matsattsen ulu ne da aka jiƙa da mai. Suna aiki da ƙananan kifi, amma idan babban kifi ya yi gudu mai nisa sai su yi zafi, su matse, su ƙone. A ril mai kyau kuwa na zaren kabon ne da aka shafa wa giris na musamman, suna jure zafi, kuma suna sakin zare santal ba tare da fizga ba.

Fizgar nan ita ce ke sa zare ya tsinke, ga lissafinta. A ce zarenka yana ɗaukar kilo 15. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce a saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, wato kilo 4 zuwa 5. Ana auna wannan da sikelin hannu: a ɗaura zaren a jikinsa, a ja ta cikin zobban sanda har birki ya fara saki, a karanta. To, yayin da kifi ke kwasar zare, kaurin abin da ya rage a kwarkwaro yana raguwa, ƙarfin birki kuma yana ƙaruwa da kansa ba tare da ka taɓa komai ba. Idan faɗin naɗin ya koma rabi, birkin kilo 5 ya zama kilo 10. Ƙullin da ka yi kuma, in ba gwani ba ne kai, mai yiwuwa kashi 70 cikin 100 na ƙarfin zaren kawai yake riƙewa, wato kilo 10 da rabi. Ka ga tazarar da ta rage rabin kilo ce. Birkin da ke liƙewa kafin ya saki, ko da na ƙiftawar ido ne, ya isa ya cinye wannan tazarar. Shi ya sa idan kifi ya yi nisa ake sassauta birki, ba a ƙara matse shi, ko da yake zuciya tana raya wa mutum akasin haka.

Labari mai daɗi shi ne, a ril masu matsakaicin kuɗi da yawa ana iya cire faya-fayen ulu a sa na kabon, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Wannan gyaran shi ne mafi riba a duk harkar.

Giya kuwa ba a canza ta da sauƙi. Ta ril mai araha tutiya ce da aka narka aka zuba a mazubi. Tana da laushi, haƙoranta suna cinyewa idan ana jan nauyi, bayan 'yan fitowa sai ka ji ril yana gurnani a hannu. Ta mai kyau tagulla ce, ko ƙarfe mara tsatsa, ko alminiyam da aka matse da ƙarfi sannan aka sassaƙa haƙoransa da inji. A lura da lambar giya ma. Ril mai 6.2:1, wato mai naɗa zare zagaye 6.2 a duk juyin hannu ɗaya, yana naɗe zare da sauri, ya dace da kifin roba, wato ɗan kifin bogi na yaudarar kifi, da ake son ya yi gudu. Mai 4.9:1 ko ƙasa da haka ya fi ƙarfin ɗago nauyi daga ƙasa. Wanda ya ɗauki mai sauri ya je ɗago dalma mai nauyi, wadda ke nutsar da ƙugiya, daga zurfin mita 80 wuni guda, kafaɗarsa za ta ba shi labari.

Jikin ril iri biyu ne, na roba mai ƙarfi da aka gauraya da kabon, da na alminiyam. Na roba ba ya tsatsa, ba shi da nauyi, kuma ga kifin da bai wuce kilo 5 ba babu abin da zai same shi. Matsalarsa ita ce yana lanƙwasa kaɗan idan nauyi ya yi yawa. Ido ba ya gani, amma wannan 'yar lanƙwasar ta isa ta sa haƙoran giya su daina haɗuwa daidai, daga nan cinyewa ta fara. Na alminiyam ba ya motsi, sai dai ya dogara da rufin da aka yi masa. Idan rufin ya kwarzane, gishiri ya samu ƙofa.

Game da toshiya, wasu kamfanoni suna rubuta lamba a kwali. IPX5 na nufin yana jure feshin ruwa, IPX6 feshi mai ƙarfi, IPX7 kuma nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30. Ga mai fatsa a jirgi, IPX5 ko IPX6 ya wadatar, tunda ril ɗinsa feshi yake sha, ba nutsewa yake yi ba. Ril mai toshiya sosai yakan ɗan yi nauyin juyawa saboda robobin da ke ciki, wannan ba aibi ba ne.

Kada yawan boris ya ruɗe ka. Za ka ga kwali an rubuta boris 12 ko 14 da manyan baƙaƙe, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Boris 5 na ƙarfe mara tsatsa masu murfi sun fi 14 na ƙarfen banza, domin kowane boris mara kyau wuri ne da tsatsa za ta kama. Wanda ke fara mutuwa shi ne na ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa kafin ya hau kwarkwaro. Idan ya daina juyawa, zare yana murɗewa yana gogewa, mutum kuma ya yi ta zargin zaren.

To, wane mataki za a saya? Idan aka raba kasuwar gida uku, ratar da ke tsakanin na ƙasa da na tsakiya babba ce ƙwarai: birki, giya, toshiya, duk sun bambanta. Ratar da ke tsakanin na tsakiya da na ƙoli kuwa ƙarama ce, kuɗin ne kawai ke da girma. Irin su Penn Slammer, Shimano Saragosa da Daiwa BG suna tsakiya, kuma sun isa yawancin abin da mai nishaɗi zai gamu da shi. Irin su Shimano Stella da Daiwa Saltiga na wanda ke bin manyan tuna ne, ko wanda ke fita sau da yawa a wata, inda rage nauyi kaɗan da jure zafin birki ke da tasiri. Mai fita sau shida a shekara ba zai taɓa kai ril ɗin ƙoli iyakarsa ba. A ra'ayinmu, ril biyu na tsakiya sun fi masa ɗaya na ƙoli, don idan ɗaya ya samu matsala a tsakiyar teku ba za a juya jirgi saboda shi ba.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa a kwali, wato kayan gyara. Kamfanin Penn ya fito da samfurin Senator tun 1936, har yau ana yin sa, ana kuma samun kayan cikinsa. Ba shi da santsin na zamani, yana da nauyi, amma mai sukurudireba da ɗan haƙuri zai kwance shi ya mayar. Ril mara suna kuwa, ranar da wani ɗan sifirin ya karye a cikinsa, ranar ya gama aiki.

Sanda

A nan ana iya sassauta wa aljihu. Sandar faiba tana da araha, tana da nauyi, amma tana shan wuya: a take ta, ta bugi gefen jirgi, ta lanƙwashe har kusan da'ira, ba ta karye ba. Sandar kabon ba ta da nauyi, kuma tana isar da motsin kifi zuwa hannu sosai, sai dai ba ta yafiya. Bugu ɗaya a gefen jirgi kan bar mata rauni a ɓoye, sai wata rana ta karye a kan kifin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya fi karya ta shi ne ɗaga ta tsaye sama yayin da kifi ke ƙarƙashin jirgi, nauyin duka ya koma kan siririn bakinta.

Don jan fatsa a bayan jirgi yana tafiya, ko fatsar ƙasa da dalma mai nauyi, faiba ko gaurayen faiba da kabon ya isa, kuma sabon shiga ya fi samun kwanciyar hankali da shi. Kabon mai tsada yana biyan kuɗinsa ne a wurin wanda zai wuni yana ɗagawa da saukar da kifin ƙarfe, wato kifin bogi mai nauyi da ake nutsarwa ƙasa, ko yana jifa ɗaruruwan sau, inda kowane giram ke komawa kafaɗa.

Abin dubawa a sanda shi ne zobbanta da mazaunin ril. Zobban sanda mai araha ƙarfensu na tsatsa daga gindi, a ƙarƙashin zaren da aka ɗaure su da shi, za ka ga launin ja yana fitowa. Idon cikinsu kuma yakan tsage ko ya fita. Tsagaggen ido yana yanka zare kamar reza, kuma ba a ganinsa. A zura ɗan auduga ta cikin kowane zobe, inda ya maƙale, akwai tsaga. Zobban kamfanin Fuji na Japan su ne ma'aunin da ake gwada saura da shi. Sanda mai matsakaicin kuɗi da zobba masu kyau ta fi mai sunan kabon da zobban banza.

Zare

Shi ne kaɗai ke haɗa ka da kifi, kuma idan aka kwatanta da kuɗin man jirgi na fita ɗaya, kuɗinsa ba komai ba ne. Rowa a nan ba ta da hujja.

Zaren nailan yana miƙewa, har kashi 20 zuwa 30 cikin 100 kafin ya tsinke. Wannan miƙewar tana shanye fizgar kifi, tana rufa wa birki mara kyau asiri, shi ya sa ya dace da jan fatsa a bayan jirgi. Amma rana tana cinye shi, yana shan ruwa, kuma yana riƙe siffar naɗi. A canza shi duk shekara, ko da ya yi kama da sabo.

Zaren kitso, wanda ake saƙawa da zaren Dyneema ko Spectra, kusan ba ya miƙewa, kuma siriri ne. Mai ɗaukar kilo 23 kaurinsa kusan milimita 0.36 ne, nailan mai irin ƙarfinsa kuwa kusan milimita 0.70. A zurfi, wannan bambancin babba ne: ruwa mai gudu ba ya tura siririn zare sosai, don haka dalma mai sauƙi za ta kai ƙasa, kuma za ka ji taɓawar kifi daga nesa. Rauninsa biyu ne. Ba ya jure gugar dutse ko murjani idan yana a miƙe, kuma tunda ba ya miƙewa, duk wani aibin birki ko ƙulli yana fitowa fili nan take. Wanda ya sa zaren kitso a ril mai birkin ulu ya haɗa abu biyu da ba sa jituwa.

Bambancin mai kyau da na bogi a zaren kitso shi ne daidaito. Na bogi kaurinsa ba ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe, lambar da aka rubuta a kwali ba ta da alaƙa da abin da ke ciki, launinsa yana zuba a hannu, saƙarsa kuma sako-sako ce, tana kwasar ruwa tana yin gashi. Mai silli 8 ya fi santsi da nisan jifa, mai silli 4 ya fi kaushi da ɗan jure guga, kuma ya fi araha, ga fatsar ƙasa ba shi da laifi. Kafin a naɗa shi, a fara sa 'yan mitoci na nailan a gindin kwarkwaro, in ba haka ba duk naɗin zai riƙa zamewa a kan ƙarfen, mutum ya ɗauka birki ne ya lalace. A naɗa shi da matsi, a tsaya saura milimita 2 zuwa 3 ya kai baki. Bayan shekara biyu ana iya juya shi, na ciki ya dawo waje.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: yawancin zaren kasuwa yana tsinkewa ne sama da lambar da aka rubuta masa. Wanda aka yi bisa ma'aunin IGFA, ƙungiyar da ke ajiye tarihin manyan kamun fatsa tun 1939, shi an yi shi ne ya tsinke a kan lambarsa ko ƙasa kaɗan, don kamun ya karɓu a ajinsa. Idan ba neman shiga kundin tarihi kake ba, ba ka bukatarsa.

A gaban zaren kitso dole a ɗaura wani guntun zare, mita 1 zuwa 3 ko fiye, mai jure guga. Zaren fulorokabon, wani nau'in zaren roba mai kama da nailan, ya fi nailan tauri, yana nutsewa, kuma ba ya fitowa sosai a ruwa mai haske, amma kuɗinsa ya ninka. A ruwa garau da kifi mai wayo kamar tuna, ya cancanta. A ruwa mai duhu, ko da dare, ko a zurfi, nailan mai kauri yana yin aikin. Ga masu haƙora kamar barakuda da wahu, ko wanne ka sa za su datse, sai waya. Ƙullin da ya fi dacewa da haɗa kitso da wannan guntun shi ne wanda ake kira FG, siriri ne, yana wuce zobba ba tare da karo ba. A koye shi a gida, ba a cikin jirgi yana tangaɗi ba.

Ƙananan ƙarafa

Ƙugiya, maɗaurin juyi (ɗan ƙarfen da ke juyawa don kada zare ya murɗe) da zoben haɗi su ne mafi araha a cikin akwati, su ne kuma suka fi jawo asarar kifi. Ƙugiyar banza tana miƙewa idan ƙarfenta ya yi laushi, ko ta karye idan an ƙona shi fiye da kima. Idonta ma wani lokaci ba a rufe yake ruf ba, zare ya shiga tsagar ya yanke. Kamfanoni irin su Mustad na Nowe, Owner da Gamakatsu na Japan, da VMC na Faransa sun yi suna ne saboda ƙugiyarsu ta ɗari tana fitowa daidai da ta farko. Alamar 2X ko 4X a fakiti tana nuna kaurin waya. A daidaita ta da birki: siririyar ƙugiya a kan birkin kilo 8 za ta buɗe, mai kauri sosai a kan zare mara ƙarfi kuma ba za ta shige bakin kifi ba. Gwajin kaifi shi ne a ja tsininta a kan farce, idan ta kama, da kyau, idan ta zame, a wasa ta ko a jefar.

Ƙugiya mai lanƙwasa kamar da'ira ta fi kama kifi a gefen baki, ba a ciki ba, don haka ta fi dacewa da wanda zai sake shi. Ba a fizgar sanda da ita, naɗewa kawai ake yi har zare ya miƙe. Ƙugiyar da ba ta tsatsa tana daɗewa a akwati, amma idan zare ya tsinke tana daɗewa a bakin kifi ma, shi ya sa da yawa suka fi son ta ƙarfen da ke ruɓewa.

Maɗaurin juyi mai boris a ciki yana juyawa ko da nauyi a kansa, shi ake bukata wurin jan fatsa a bayan jirgi. Na talaka mara boris yana tsayawa cik idan an ja shi, zare ya murɗe har ya zama ba ya amfanuwa. Ga fatsar ƙasa, inda babu juyi sosai, mara boris mai kyau ya isa.

Kifin roba mai araha sau da yawa yana iyo daidai, kifi kuma yana cizonsa. Inda yake ba da kunya shi ne ƙugiyoyi da zobban da ya zo da su. A cire su a sa masu ƙarfi, amma masu nauyi kusan ɗaya, don kada iyonsa ya canza. Abin da ba ya gyaruwa shi ne cikinsa: a mai kyau, waya ɗaya ce ta ratsa daga baki har wutsiya, ko jikin ya fashe kifin yana nan a ɗaure. A na banza, 'yan kusoshi ne aka dasa a roba, babban kifi yana tumɓuke su.

Dalma dai dalma ce, a sayi mafi araha, tunda duwatsun ƙasa za su ci rabonsu. Filaya kuwa a sayi ta alminiyam ko ta ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, wanda ke da sinadarin molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin 100, shi ya sa ya fi mai lamba 304 jure gishiri. Filayar gida fita biyu za ta yi ta ƙage.

Yadda za a raba kuɗin

Ga mai fita jefi-jefi yana neman kifin kilo 1 zuwa 5 kusa da gaɓa: ril na tsakiya ƙarami, sandar faiba ko gauraye, zaren kitso mai ɗaukar kilo 10 zuwa 15, ƙugiyoyi masu suna. Kusan rabin kuɗin a ril, rubu'i a sanda, sauran a zare da ƙananan ƙarafa. Ga mai jan fatsa a bayan jirgi don wahu ko tuna matsakaita: ril mai kwanciya a saman sanda, mai birkin liba, wato wanda ake matsewa da tura ɗan mariƙi a gefen ril, domin ana saita shi tun kafin a tashi, ana kuma iya rage shi a mayar daidai inda yake ana tsakiyar fama, abin da birkin tauraro, wanda ake matsewa da murɗa ƙarfe mai siffar tauraro, ba ya bayarwa. Ga mai ɗaga kifin ƙarfe a zurfi ko jifa ga manyan kifi, a nan ne kaɗai kayan ƙoli ke da hujja, sanda da ril duka.

Kowanne aka saya, wankinsa ɗaya ne. Da an dawo, a matse birki don kada ruwa ya shiga faya-fayensa, a yayyafa ruwan daɗi a hankali, ba da matsi ba, domin ruwa mai ƙarfi tura gishiri ciki yake yi. Kada a tsoma ril a bokiti. A goge, a bar shi ya bushe a inuwa, sannan a sassauta birkin gaba ɗaya kafin a ajiye, don kada faya-fayen su matse. Ɗigon mai ɗaya a ɗan gargaren zare da mariƙin hannu bayan 'yan fitowa, a buɗe ril a sabunta giris sau ɗaya a shekara. Kusoshin da ke shiga alminiyam a shafa musu giris tun ril yana sabo, kafin fitar farko. Ƙugiyar da ta shiga ruwa kuma kada a mayar da ita cikin sababbi sai an wanke ta ta bushe, domin guda ɗaya mai gishiri tana iya sa wa fakiti duka tsatsa kafin mako ya zagayo.